Kada Ki Yanke Masa Kifi da Nono

'Yata, an ce mini kin daina ba yaron nan kifi da ƙwai da nono, wai su ke tayar masa da ƙaiƙayin nan na bayan gwiwa da lanƙwasar hannu. Na kuma san abin da ya fi damun ki: kina ganin sa'o'insa a Miga sun fara fin shi tsayi.

Ki kwantar da hankalinki. Wannan ciwo na bushewar fata da likitoci ke kira ekzima ba ƙazuwa ba ce, ba ya yaɗuwa, kuma yawancin yaran da ke da shi suna kai tsayin da Allah ya nufa musu. Wasu sukan yi jinkiri, su cim ma tsaransu wajen balaga. Abin da ya fi taɓa girman yaro shi ne abin da ke biyo bayan ciwon, wani ma da hannunmu muke jawo shi.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 64 cikin ɗari na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsayin shekarunsu ba, galibi saboda ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan rashin lafiya. A irin wannan ƙasa, ga ambaliya tana cinye amfanin gona, yaya za ki ɗauke masa kifin da Kogin Haɗeja ya kawo har ƙofar gida? Tuwo da miya kaɗai ba sa gina ƙashi. Idan kin ga wani abinci guda yana tayar masa da ciwon duk sanda ya ci, ki faɗa wa likita, shi zai ce a daina, ya kuma faɗi abin da zai maye gurbinsa. Amma kifi da ƙwai da nono, ki mayar masa da su, ki ƙara masa da wake da gyaɗa da zogale.

Sai barci. Sinadarin da ke tsawaita yaro ya fi fita a cikin barci mai nauyi, yaron da ya kwana susa kuwa ba ya samun irin wannan barci. Ki yanke masa farce, ki sa masa rigar auduga. Wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba soso, ba sabulu mai ƙarfi. Kafin jikin ya bushe ki shafe shi da man kaɗanya ko basilin, safe da dare, musamman in hunturu ya kama.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin kemis. Ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe, da 'yar uwarta firedinisolon, suna kwantar da ƙaiƙayi nan take, kumatu su ciko, uwa ta yi murna. Amma in aka daɗe ana sha, su ne ke tsayar da tsayin. Haka man shafawa mai haɗi uku da ake cakuɗawa da man yara. Akwai mai sauƙi da likita ke rubutawa na 'yan kwanaki, shi kada ki ji tsoronsa. In kuwa ya riga ya daɗe kan ƙwayar, kada ki tsayar da ita rana ɗaya, akwai haɗari. Likita ne zai rage masa a hankali.

Ki ɗauki katin awonsa ku je asibitin Jahun a auna tsayinsa da nauyinsa, a rubuta, ku koma bayan wata uku. In fatar ta fara ruwa ko ƙuraje masu mugunya, ko zazzaɓi ya shigo, kada ki jira watannin su cika.