Sikawut na gaskiya ba ya karɓar kuɗin yaro



Sana'ata farautar 'yan wasa. Wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce ke biyana in zaga filaye ina kallon yara, in rubuto mata wanda na ga zai yi mata amfani. A bakin 'yan ƙwallo, sikawut ake ce wa mai irin wannan aiki, a rediyo kuma za ku ji ana cewa mai farautar 'yan wasa. Abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne, yanzu duk wanda ya sa rigar wasanni ya rataya kati a wuya sai ya ce shi sikawut ne, kuma da wannan sunan ake raba talakawa da gonakinsu.

Bari in fara faɗa muku yadda aikin yake. Sikawut ɗan aike ne. Ƙungiya za ta ce masa tana neman ɗan baya mai ƙafar hagu, ko ɗan tsakiya mai iya riƙe ƙwallo, ɗan shekara kaza, sai ya fita nema. Idan na je fili, wanda ya ci ƙwallo ba shi ne ya fi damuna ba, domin shi kowa ya gan shi. Ina duba yadda yaro ke tarbar ƙwallo a taɓawar farko. Ina duba ko yana waiwayawa ya ga abin da ke bayansa tun kafin ƙwallon ta iso. Idan aka ƙwace masa, yana bi ya ƙwato ko tsayawa yake ya riƙe ƙugu yana yi wa alƙalin wasa ƙorafi? Idan koci ya daka masa tsawa, jikinsa mutuwa yake ko ƙara himma yake? Kallo ɗaya ba ya isa. Sai na gan shi ranar da ƙungiyarsa ke cin wasa, na gan shi ranar da ake lallasa su, kuma ranar shan kashin ta fi faɗa mini ko shi wane ne. Bayan haka in tambayi kocinsa halinsa, in bincika shekarunsa, in rubuta rahoto in aika. Iyakar ikona ke nan. Ba ni nake yanke hukunci ba, ba ni nake sa hannu a kwantiragi ba, kuma yawancin yaran da na rubuta sunayensu ba su ma san na kalle su ba.

Albashina da kuɗin motata daga ƙungiya suke fitowa. Ku riƙe wannan da kyau, domin a kansa sauran maganar take.

Shi kuwa ejan, wato wakilin ɗan wasa, aikinsa daban. Wanda ya taɓa shiga kara ya san bambancin yaron da mai kuɗi ya aiko ya duba masa shanu da dillalin da ke tsayawa a yi ciniki ya karɓi la'ada. Sikawut shi ne yaron aiken, ejan shi ne dillalin, kuma dillali ba ya cin la'ada sai an sallama. Tun daga 2023 hukumar FIFA ta dawo da tsarin lasisi: duk mai son yin wakilci sai ya zauna jarrabawa ya ci, kuma sunayen masu lasisi suna nan a shafinta na intanet, kowa zai iya dubawa. Yarjejeniyar wakilci tsakanin ejan da ɗan wasa ba ta wuce shekara 2. Idan yaron bai kai 18 ba, ejan ba shi da hurumin tunkararsa sai da rubutaccen izinin mahaifi ko waliyyi. Haka kuma tun 2015 aka haramta wa wani mutum can daban ya mallaki kaso a cikin kuɗin sayar da ɗan wasa. Saboda haka takardar nan da ake kawo wa uba ya dangwala hannu, wai yaro ya zama na wane har tsawon shekara 10, ba ta da gurbi a dokar ƙwallo.

Yanzu ga yadda ake damfarar. Za a buga fosta a watsa a Facebook da WhatsApp: gagarumin sikirinin, wato tantance 'yan wasa, sikawut daga Turai za su zo, fom naira kaza. A kama fili na kwana 3, a samo Bature ɗaya ya zauna a inuwa da baƙin tabarau da littafi a hannu. Ku yi lissafi da kanku. A ce fom naira 20,000 ne, yara 300 suka saya, an tashi da naira miliyan 6 ke nan tun ba a busa usur ba. Kowane yaro zai taka leda na minti 15 a cikin waɗanda bai taɓa wasa da su ba, kowa na neman ya nuna kansa, ba mai ba wani ƙwallo. Ba sikawut ɗin da zai iya auna ɗan wasa a irin wannan hargitsi. A rana ta ƙarshe sai a kira sunayen waɗanda aka ce sun yi nasara, kuma a nan ne babbar wuƙar take. Sai a ce a kawo kuɗin biza, kuɗin jirgi, kuɗin inshora, kuɗin rajista a can.

Kwanakin baya wani dattijo ya zo mini da takardar gayyata da aka ba ɗansa, mai ɗauke da tambarin wata ƙungiya ta Turai, an buga ta da launi, har da hatimi. Ya riga ya sa gonarsa a kasuwa. Na tambaye shi shekarun yaron, ya ce 15. Na duba adireshin imel da ke ƙasan takardar, na ga irin na kyauta ne da kowa ke buɗewa a waya. Asusun da aka ce a tura kuɗin kuwa na wani mutum ne a nan gida. Na ce masa, “Baba, ka janye gonarka.” Bai ji daɗin maganata ba, har ya ce ko baƙin ciki nake yi wa yaron. Ban ga laifinsa ba, domin an riga an nuna masa hoton ɗansa cikin jesin ƙungiyar, wanda aka haɗa a kwamfuta. Sai da ƙanensa ya aika saƙo ta ainihin shafin ƙungiyar aka ce ba su san da zancen ba, sannan ya haƙura.

Shekarun yaron su ne suka fara tona asirin takardar. Sashe na 19 na dokokin FIFA kan sauya sheƙar 'yan wasa ya hana a ɗauki yaro daga wata ƙasa zuwa wata sai ya cika 18. Akwai 'yan togaciya, kamar idan iyayensa ne suka yi ƙaura saboda wani dalili da bai shafi ƙwallo ba, ko yaro ɗan 16 zuwa 18 da zai koma wata ƙasa a cikin Tarayyar Turai, amma babu ɗaya da ta dace da yaron da ke zaune da iyayensa a Kurna ko Rigasa. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta saye shi, amma sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin a ba shi damar buga mata wasa. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Chile a 2015, manyan ƙungiyoyi na rububinsa, amma bai zama ɗan wasan Wolfsburg ba sai Janairun 2017, bayan ya cika 18. Barcelona a 2014 da Chelsea a 2019 duk sun sha takunkumin hana sayen 'yan wasa a kan wannan doka. To, wanda ya ce zai kai ɗanka ɗan shekara 15 Sifen ko Ingila ya sa hannu a kwantiragi, wace hanya ya sani da Barcelona ba ta sani ba?

Gwaji ma yana da doka. Idan ƙungiyar waje ta gayyaci ɗan wasa gwaji, akwai fom na FIFA da ɓangarorin biyu ke cikewa, ƙungiyar ta shigar da shi a manhajar FIFA ta sauya sheƙa kafin a fara. Ga wanda bai wuce 21 ba, gwajin ba ya wuce mako 8 a ƙungiya ɗaya cikin kaka guda. Kuma dokar ta hana jami'in ƙungiya ko ejan ya nemi a biya shi don ya samar wa yaro gwaji. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke ɗawainiya da shi.

Waɗanda suka biya suka tafi fa? Wasu ana kai su da bizar yawon buɗe ido, a ajiye su a otal, mutumin ya karɓi fasfo ya ce zai je ya dawo. Biza ta ƙare, kunyar komawa gida hannu rabbana ta hana yaro dawowa, sai ya ɓige da aikin ƙarfi a ɓoye. A 2015 BBC ta bankaɗo yadda aka kwashi yara 'yan Afirka ta Yamma aka kai su wata ƙungiya a ƙasar Laos, suna kwana a ƙasa a cikin filin wasa. Idan kuma aka ce maka Arewacin Cyprus za a kai shi, ka sani hukumar ƙwallon yankin ba ta cikin FIFA.

Mu ma da namu laifin, kuma gara in faɗa. Rage shekaru ya yi mana illa. Tun 2009 ake ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI a gasannin 'yan ƙasa da 17, don a gano masu rage shekaru. Ni kaina idan na ga takardar haihuwa sabuwa fil a hannun mai gemu, rahotona ya tsaya a nan, ko da ya fi kowa iya ƙwallo.

Hanyar gaskiya tana da tsawo, amma a fili take. Yaro ya samu ƙungiya mai rajista da hukumar ƙwallo ta jiharsa, ya riƙa buga gasa ta gaske: Kofin Ramat da ake yi a Kano, gasannin makarantu, rukunin NLO, daga nan NNL, har zuwa Firimiyar Najeriya. A irin wuraren nan muke zama, kuma ba ma sanarwa. Ku dubi Mohammed Kudus: daga Nima ya fito, zangon Hausawa a Accra. Makarantar Right to Dream ta ɗauke shi yana yaro, ta haɗa masa karatu da ƙwallo, ya tafi Nordsjaelland ta Denmark a 2018, Ajax ta saye shi a 2020, West Ham a 2023. A cinikin Ajax da na West Ham, ƙungiya ce ta biya ƙungiya.

Kociyoyin unguwa, ku ma da rabonku a wannan tsari, amma sai kun yi rajista. Idan aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Ana bin tarihin rajistar yaron ne a biya. Kocin da ya yi shekaru yana saya wa yaro takalmi da ruwan leda amma bai taɓa yi masa rajista ba, ba zai ga ko sisi ba. Wannan ya fi muku amfani a kan 'yan dubban da mai fosta zai ba ku don ku tara masa yara.

Don Allah iyaye, duk wanda ya zo muku da sunan sikawut, ku tambaye shi ƙungiyar da yake yi wa aiki, ku tuntuɓi ƙungiyar ta shafinta na ainihi. Idan ya ce shi ejan ne, a nemo sunansa a jerin FIFA a gabansa. Kada ku ba kowa fasfon yaro, kada ku cire shi daga makaranta saboda alkawarin baki. Idan maganar kuɗi ta shigo, ku tashi ku kai rahoto ofishin hukumar ƙwallo ta jiha, ko ga 'yan sanda, ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma su tuntuɓi FENIFOOT. Wanda ya karanta, ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa da ke da yaro ɗan ƙwallo.