Kyanwar Shago Ba Kyanwar Lami Ba Ce

A kwanakin baya wani mai shagon hatsi a kasuwar Zuru ya zo wurin aikina da kyanwa cikin kwali, bayan hannunsa duk yakushi da shatin haƙora.

"Likita, ina jin haukan kare ne ya kama ta."

Na tura shi ya wanke ciwon da sabulu ya je asibiti, domin cizon kyanwa ba abin wasa ba ne. Ita kuwa na ajiye ta kwana goma ina lura: tana ci, tana sha, ba dalalar yawu. Da ya dawo na tambaye shi tarihinta. Ashe idonta bai daɗe da buɗewa ba aka ba shi ita, ya kai ta shago saboda ɓeraye, kullum magariba ya garƙame ƙofa. Wata bakwai ba ta sa ’yar’uwarta a ido ba. Na ce, "Alhaji, wannan ba hauka ba ne, rashin tarbiyya ne da kaɗaici." Ya yi dariya, wai dabba ma da tarbiyya?

Da ita mana. Tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa ne ’yar kyanwa take sabo da abin da ke kewaye da ita. Daga nan sai kokawa da ’yan’uwa: in ta ciji ɗaya da ƙarfi ya yi ƙara ya rama, ko uwar ta make ta, a haka take koyon iyakar haƙori da farce. Wadda aka raba da su da wuri ba ta shiga wannan makaranta ba, don haka ƙafarka da hannun yaronka su ne abokan kokawarta. Wasu kan tsotsi bargo ko zane har girmansu. Wasu su yi ta lasar ciki har gashi ya zube, ko su kwana suna kuka, ko su kama fitsari a kan buhu, mai hatsi kuwa ya san asarar da ke nan.

Kada a ɗauke ni da cewa kowace kyanwa sai an yi mata abokiya. Ita mafarauciya ce mai fita ita kaɗai. Magen da ke gadin rumbu a Dabai ko Rikoto, tana haura katanga ta gamu da muzurun maƙwabta, ba ta da wannan matsala. Wadda ta tashi a kulle nake nufi, a shago ko a gidan ma'aikacin da ke fita tun safe. A ƙasar Suwizalan, dokar dabbobi ta 2008 ta ce kyanwar da aka ajiye ita ɗaya lalle ta riƙa hulɗa da mutane kullum ko ta riƙa ganin wasu kyanwoyi.

In za ka karɓa, bari sai ta cika mako 8, in da hali 12, kuma ka ɗauki biyu ’yan ciki ɗaya. Kowacce da kwanonta. A yi musu allurar haukan kare. In mace da namiji ne a yi musu fiɗiya, don kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar, bayan kamar kwana 65 kuma gida ya cika.

Babbar da ta riga ta saba zama ita kaɗai, kada a jefo mata baƙuwa rana ɗaya, faɗa za su yi. Abin da na ce wa Alhaji ke nan. Na kuma ce masa ya ɗaura tsumma a bakin igiya yaron shago ya riƙa ja mata safe da yamma, a daina wasa da ita da hannu, ranar da ba kasuwa kuma ya tafi da ita gida.