Awon Jinin da Zuciya Ke Turawa

Ka sani, ya kai mai karatu, zuciyar baligi mai lafiya, idan yana zaune a natse, takan buga kamar sau 70 a minti guda, jinin da take turawa cikin wannan minti kuwa ya kai kimanin lita 5, wato ya ɗan ɗara galan guda. To, idan ciwo ya tsananta har aka kwantar da mutum rai a hannun Allah, wajibi ne likita ya san adadin jinin da zuciya ke turawa, domin awon jini na damtse yakan ruɗe shi: jijiyoyi sukan tsuke su riƙe awon daidai, alhali kuwa zuciya ta riga ta gaza.

Wani malami Bajamushe, Adolf Fick, shi ya kafa ƙa'idar lissafin a 1870, bisa iskar da jini ke ɗauka daga huhu. Hujjarsa sahihiya ce, sai dai aiki da ita a bakin gadon majiyyaci akwai wuya.

Bayan shekara 100 cif, a 1970, likitoci biyu a Amurka, Swan da Ganz, suka fito da wani siririn bututu mai 'yar balan-balan a baki, wanda akan zura ta jijiyar wuya, jini ya ja shi ya ratsa zuciya har jijiyar huhu. Sai a tura ruwan gishiri mai sanyi, kamar ƙaramin cokali biyu, a duba yadda sanyin ke wucewa. Duk mai lambu zai gane hikimar: magudana mai ƙarfi nan take takan kwashe abin da aka zuba mata, mai rauni kuwa sai ta yi ta jan ƙafa da shi. Amma fa bututun yana da illa, yakan shigar da ƙwayar cuta ko ya rikita bugun zuciya, kuma wani babban bincike a Birtaniya a 2005 bai ga ya rage mace-mace ba.

Saboda haka ni na fi karkata ga na'urar hoton zuciya, 'yar'uwar wadda ake duba masu juna biyu da ita, wadda akan ɗora a ƙirji ba tare da an huda kowa ba, ko da yake ingancinta yana ga ƙwarewar mai riƙe da ita. Inda babu ko ɗaya, za ka ga malamar jinya ta taɓa ƙafafun majiyyaci ko sun yi sanyi, ta danna farcensa ta ƙirga daƙiƙa nawa kafin jan ya komo, sannan ta rubuta yawan fitsarin da ya yi cikin awa guda.