Darasi na Shida: Mai Makami da Kururuwar Baƙo

Ya mai makami, in ka jiyo kururuwa,
Kar ka ce baƙo ne, ba ka da damuwa.

Sharhi: Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah shi yi maka rahama, na tsara waɗanga baitoci ne domin mafarauta da ƴan banga na ƙauyukan iyaka, tun daga Madarunfa har Gidan Rumji, inda ƴan bindiga ke tare hanya. Tambayarsu ita ce: har ina mutum zai sa ransa cikin haɗari domin wanda bai sani ba?

Jawabi na farko, jinin baƙo da na ɗan gari ɗaya ne wajen alfarma. Aya ta 32 cikin Suratul Ma'ida ta daidaita ceton rai guda da ceton mutane duka, ba ta ware dangi ko ƙabila ba. Shehu Halilu cikin Muhtasar, a babin yanka, ya ɗora lamuni ga wanda ya sami ikon tsamo rai ko dukiya daga halaka, sa'an nan ya bari. Makamin da ke hannunka kuwa ƙarin iko ne, saboda haka hakkin da ke kanka ya fi na mai hannu wofi nauyi. A shekarar 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa na ƙasar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutane fiye da 200, mafi yawansu Kirista, cikin masallaci da gidansa, ko sanda bai riƙa ba. To, ina uzurin mai bindiga?

Auna ƙarfinka tun gabanin zaburowa,
Kar mai ceto shi zam abin ɗaukowa.

Sharhi: Wanga wajibi yana da sharaɗi, shi ne iko. Mas'alar tana da fuska uku. In zatonka ya rinjaya cewa za ka cece shi kuma ka tsira, tashi ya wajaba, zama laifi ne. In ka ga za ka cece shi amma kai kana iya faɗuwa, tashi falala ce, ba a tilasta ka, in an kashe ka muna yi maka fatan shahada. Wanda ya ja da baya nan saboda ƙananan ƴaƴa ko tsofaffin iyaye, kada a kira shi matsoraci. In kuwa ka tabbata za ka mutu kuma baƙon ba zai kuɓuta ba, to ka ƙara gawa ne bisa gawa, ka kuma miƙa wa azzalumi bindigarka.

Ma'aunin ƙarfi yana cikin Suratul Anfali, aya ta 65 da ta 66, inda aka sauƙaƙa daga mutum guda gaban 10 zuwa guda gaban 2. Ayar ta sauka ne kan yaƙi, amma tana koya mana awo. Ibnu Rushdi ya kawo cikin Bidayatul Mujtahid cewa Ibnul Majishun ya lura da ƙarfi da kyawun makami, bai tsaya ga ƙidayar kawuna ba. Don haka na ce: mai harba-ka-ruga, wadda sai an sake ɗura ta bayan kowane harbi, bai yi daidai da mutum guda mai AK-47 da harsashi 30 ba, balle su zo goma bisa babura. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Halidu ɗan Walidu ya janye rundunar Musulmi da dabara, Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya kira shi takobin Allah.

Wanda bai iya faɗa ba, ceto bai faɗi daga kansa ba. Shi yi shela, shi kira hukuma ta waya, shi buɗe ƙofarsa ga masu gudu, shi ɗauki mai rauni zuwa likita.

In sun ba da baya, to ka bar korawa,
Tsaro daban ne, fansa ba ta shigowa.

Sharhi: Malamanmu na Malikiyya sun ce a fara yi wa mai kai hari gargaɗi in da hali, a tunkuɗe shi da abu mafi sauƙi kafin mafi tsanani. Kada ka harba cikin duhu ko cikin taron kasuwa alhali ba ka bambance azzalumi da wanda aka zalunta ba. Wanda ya zubar da makami a miƙa shi ga hukuma. Bin sawu har rugage a ƙone bukkoki, a kashe wanda ba a gan shi wurin ba don kawai harshensu ɗaya da ɓarawo, wannan zalunci ne sabo, kuma shi ne ya ƙara rura wuta a ƙasar Zamfara. Riƙon makami kansa shi kasance da sanin hukuma.

Allah shi ba mu zuciya tare da hankali, shi tsare matafiya da mazauna gida. Wallahu a'alamu.