Riƙo da Mafakar Yaran da Aka Wofantar: Nazari Daga Gangara ta Ƙasar Jibiya

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi ya shafi hanyoyin da al'ummar Hausawa take bi wajen ba da mafaka ga yaron da aka ci zarafinsa ko aka yi sakaci da shi, tun daga riƙo na gargajiya har zuwa gidajen da hukuma ta tanada. An ɗauki Gangara, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Jibiya a Jihar Katsina, a matsayin misali. Ƙasar Jibiya tana bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Wanda ya fita ta Magama zai faɗa Ɗan Isa, daga nan hanya ta miƙe zuwa Maraɗi. Mutanen ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwa tare, kuma tun bayan jihadin ƙarni na 19, da sarautar Katsina ta dā ta koma Maraɗi, zumuncinsu bai yanke ba. Saboda haka yaron da ya rasa mai kula da shi a wannan yanki yana iya samun kansa a wata ƙasa cikin yini ɗaya, ko dai a hannun danginsa ko a hannun wanda zai ci da guminsa.

Cin zarafi, a wannan darasi, yana nufin cutar da yaro da gangan, ta hanyar duka mai illa, ko fyaɗe, ko ɗora masa aikin da ya fi ƙarfinsa. Sakaci kuwa shi ne barin yaro babu ci, babu sutura, babu magani ko karatu, alhali akwai wanda nauyin ya rataya a wuyansa.

2.0 Riƙo a Al'adar Bahaushe

Bahaushe yakan ce ɗa na kowa ne, kuma bisa wannan tunani ya gina al'adar riƙo. Riƙo shi ne mutum ya ɗauki yaron da ba shi ya haifa ba, ya ci da shi, ya tufatar da shi, ya yi masa tarbiyya, ba tare da ya sauya masa uba ba. Hanyoyin shiga riƙo suna da yawa. Kunyar ɗan fari takan sa a kai yaro yaye wurin kakarsa ya zarce da zama. Matar da Allah bai ba haihuwa ba akan ba ta ɗan tallafi daga cikin dangi. Amarya takan tare da 'yar zaman ɗaki. Idan uba ya rasu, baffa ko kawu yakan kwashi marayu, idan kuma uwa ta sake aure ta tafi da ɗanta, yaron ya zama agola a gidan sabon mijinta.

Shari'ar Musulunci, bisa mazhabar Malikiyya da kotunan yankin suke aiki da ita, ta ƙarfafa wannan tsari. Haƙƙin reno, wato halana, yana hannun uwa, sannan kaka ta wajen uwa, sannan sauran makusanta bi da bi, amma ciyarwa tana kan uba ko da aure ya mutu. Ɗaukar ɗan tsintuwa farilla ce a kan jama'a, idan wani ya ɗauka ya ɗauke wa saura.

Abin lura shi ne, riƙo yana da masu sa ido a kansa. Ɗan riƙo yana zaune ne a gaban dangin da suka san asalinsa. Idan mariƙiya ta gallaza masa, goggo za ta ji, kawu zai zo, mai unguwa zai sa baki, a ƙarshe a karɓe yaron a ba wani. Tsoron abin da dangi za su ce shi ne garkuwar yaron. Inda wannan garkuwa ta faɗi, sai a samu abin da Hausawa suke kira riƙon sakainar kashi. A yau akwai dillalai masu bin ƙauyuka suna karɓar 'yan mata ƙanana da sunan riƙo, su kai su aikatau cikin birane, kuɗin aikin ya shiga hannun dillaliya da iyaye. Yarinyar tana gidan da babu wanda ya san ubanta, ita ma ba ta san hanyar komawa gida ba. Sunan riƙo kawai aka ara a nan. Haka nan almajirin da aka danƙa wa malami ba tare da guzuri ko ziyara ba, sakaci aka yi da shi, ko da niyyar iyayen neman ilimi ce.

3.0 Abin da Ya Raunana Riƙo a Ƙasar Jibiya

Riƙo yana buƙatar dangi masu zama wuri ɗaya da rumbu mai hatsi, kuma waɗannan biyu su ne suka yi rauni a yankin. A watan Yulin 2018 ambaliya ta afka wa Jibiya, ta hallaka sama da mutum 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama, sun hana noma a gonakin nesa da gari, kuma Gangara tana cikin garuruwan da abin ya taɓa. Daga 2019 dubun-dubatar mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, akasarinsu mata da yara, har Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. A 2022 mutanen Shimfiɗa da ƙauyukan kewaye suka yi watanni suna kwana a makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Jibiya. Rufe iyakar Jibiya daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ya karya sana'ar magidanta da yawa. An yi sulhu da 'yan bindiga a ƙasar Jibiya a 2025, sai dai sulhu ba ya mayar wa maraya da ubansa. Baffan da ya kamata ya riƙe marayu biyar shi ma a gidan wani yake raɓe da nasa 'ya'yan.

4.0 Mafakar Hukuma

Tanadin hukuma ya faro ne daga dokar yara da matasa ta Jihar Arewa ta 1958, wadda ta fi karkata ga yaran da suka yi laifi. A 2003 aka kafa Dokar Haƙƙin Yara ta ƙasa. Ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta haramta sa yara bara, ta kuma ba kotu ikon ɗauke yaro daga gidan da ake cutar da shi. Dokar ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta amince da ita, kuma sai a Disambar 2020 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar kare yara ta Jihar Katsina.

Ya kamata ɗalibi ya bambance gidajen, domin jama'a sukan haɗa su a suna ɗaya. Gidan marayu, kamar na Nassarawa a Kano, na 'ya'yan tsintuwa ne da waɗanda suka ɓace ko suka rasa kowa. Gidan tsare yara, kamar na Goron Dutse, na waɗanda ake tuhuma ne kafin kotu ta yanke hukunci, don haka kai yaron da aka zalunta can ƙarin zalunci ne. Hukumar hana fataucin mutane ta NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, tana da gidajen ajiye waɗanda aka ceto, kuma bisa ƙa'ida zaman ba ya wuce kimanin mako shida kafin a nemo dangi ko a miƙa mutum wani wuri. A Nijar an buɗe irin wannan gida a Damagaram a 2019. Buƙatarsa ta fito fili tun a Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, akasari daga Kance. Ta fuskar lafiya kuwa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aikin jinyar tamowa a Jihar Katsina a 2021, har da ƙasar Jibiya.

Duk waɗannan gidaje a manyan birane suke, kuma zamansu na wucin gadi ne. Tazarar da ke tsakaninsu da ƙauye ita ta ba gidajen mari kasuwa, inda iyaye suke biyan kuɗi a ɗaure musu kangararrun 'ya'ya. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da sama da mutum 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, a watan Oktoba kuma aka fasa wasu a Daura da cikin birnin Katsina. An samu yara da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Iyayen da suka kai su sun ɗauka mafaka suka samar musu.

Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan renon yara a wajen iyayensu sun nuna cewa talauci kaɗai bai isa hujjar raba yaro da iyayensa ba, kuma yaron da bai kai shekara uku ba a cikin iyali ya kamata a rene shi. Wannan ya yi daidai da tunanin Bahaushe. Abin da ya fi dacewa da yaron Gangara shi ne a nemo masa mariƙi amintacce cikin dangi, a tallafa wa mariƙin, a riƙa kai ziyara. Gidan marayu sai an rasa yadda za a yi.

5.0 Matsayin Malami

A ƙauye kamar Gangara, malamin firamare yana cikin ma'aikatan hukuma ƙalilan da suke ganin yaro kusan kullum, don haka shi yakan fara lura. Alamomin sun haɗa da raunin da bayaninsa bai kama hankali ba, da gyangyaɗi a aji saboda talla ko aikin dare, da rama, da tsoron tashi makaranta, da fashi na kwanaki ba dalili. Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma idan suka taru sai a bincika.

Malami ba ya titsiye yaro a gaban aji. Ya keɓe da shi a inda ake hango su amma ba a jin su, idan yarinya ce ya nemi malama ta zauna tare. Ya saurara, kada ya sa masa magana a baki, kada kuma ya yi alkawarin ɓoye sirrin, domin ba zai iya cikawa ba. Ya rubuta rana da ainihin kalmomin yaron, ya sanar da shugaban makaranta. Idan akwai rauni, asibiti ne farko. Idan fyaɗe ne kada a wuce awa 72, domin bayan haka maganin kariya daga cutar ƙanjamau ba ya aiki. Daga nan sai jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma da 'yan sanda. Mai unguwa da dagaci suna da amfani ƙwarai wajen gano dangi da tilasta wa uba ciyarwa, amma fyaɗe laifi ne da kotu take hukuntawa. Sasanta shi a zaure da sunan rufin asiri yana barin mai laifin a unguwa ɗaya da yarinyar.

Akwai kurakurai biyu da zaman bakin iyaka yake ƙara wa haɗari. Na farko, malami ya kai yaro gidansa don tausayi ba da sanin dagaci ko hukuma ba, abin da zai iya jawo masa tuhumar satar yaro. Na biyu, a miƙa yaro ga duk wanda ya zo ya ce shi kawunsa ne daga Ɗan Isa ko Madarunfa. Yara da yawa ba su da takardar haihuwa, kuma da zarar an tsallaka da yaro, bin sawunsa ya koma hannun jami'an wata ƙasa. Sai dagacin garin da mutumin ya ambata ya shaide shi, yaron ma ya gane shi ya yarda da binsa, a kuma rubuta miƙawar a gaban jami'i.

6.0 Aiki

1. Bambance tsakanin riƙo da tallafi da aikatau, tare da misalai daga garinku.
2. Wata yarinya 'yar aji huɗu, wadda take hannun matar baffanta, ta zo makaranta da ƙuna a hannu, ta ce faɗuwa ta yi. Bayyana matakan da malami zai bi da wuraren da zai kai magana.