Darasin Fiƙihu: Mece Ce Shuf'a?

Ya ku ɗalibai, ku sani, Allah Ya yi muku albarka, shuf'a ita ce haƙƙin da abokin tarayya yake da shi na karɓe rabon da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, ya biya kuɗin da aka saya.

Misali: Audu da Tanko sun gaji gida, ba a raba ba. Sai Tanko ya sayar da rabonsa naira 800,000. To, Audu yana da ikon mayar wa mai sayen kuɗinsa cif, ya riƙe gidan duka. Hikimar ita ce kada a cusa masa baƙon da zai cuce shi.

A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, shuf'a tana cikin abin da ba a raba ba. In an raba an kafa iyaka, ta faɗi. Maƙwabci ba shi da ita. Wanda yake gari, ya sani, ya yi shiru har shekara ta wuce, ya rasa haƙƙinsa. Matafiyi kuwa nasa yana nan.

Saboda haka iyaye, kafin ku sayi gida ko gonar gado, ku tambaya: an raba? Bayan an yi cinikin kuma, ku tambaya: sauran magada sun yafe shuf'arsu gaban shaidu? In sun yafe, a rubuta. Wallahu a'alamu.