Wasiƙar da Bawa Ya Kai wa Ubangidansa

Karatu: Filimon 1-25, Kolosiyawa 4:7-9

Ɗan'uwa cikin Ubangiji, kafin ka ci gaba da wannan darasi, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta wasiƙar manzo Bulus zuwa ga Filimon daga farko har ƙarshe. Ba za ta ɗauke ka minti biyar ba. Sura ɗaya ce mai ayoyi 25, ita ce mafi gajarta cikin wasiƙun Bulus, tana maƙale tsakanin Titus da Ibraniyawa, har in ba ka lura ba sai yatsanka ya tsallake ta. Babu mu'ujiza a cikinta, babu wahayi, ba kuma a cika ɗaukar ta a taron farkawa ba. Amma in kana so ka ga yadda alherin Allah yake aiki a cikin gidan mutum, inda kuɗi ya ɓata, aka kuma ci amana, to, nan za ka duba.

Ga yadda abin ya faru. Filimon mai bi ne a birnin Kolosi, a ƙasar da yau ake kira Turkiyya. Mai hali ne, domin gidansa ya isa ikilisiya ta riƙa taruwa a ciki, yana kuma da bawa mai suna Unisimas. Wannan bawa ya rabu da ubangidansa, kuma daga yadda Bulus ya yi maganar bashi a aya 18, masana da yawa suna ganin bai tafi hannu biyu ba. Ya yi nisa, har Allah ya haɗa shi da Bulus wanda ke tsare a kurkuku. Masana da yawa sun ce a Roma ne, wajen shekara ta 60 zuwa 62 bayan haihuwar Almasihu, tafiyar da ta fi kilomita 1,500 daga Kolosi. A can Unisimas ya ji bishara, ya tuba, ya zama sabon mutum, har Bulus yana kiransa ɗansa da ya haifa yana cikin sarƙa.

Da a ce mu ne muka rubuta labarin, da nan za mu tsaya. A tafa, a yi waƙar yabo, Unisimas ya hau mimbari ya ba da shaida. Bulus kuwa ya ɗauki alƙalami, ya rubuta wasiƙa, ya danƙa masa, ya ce ya koma gidan da ya gudo.

Ka yi tunanin abin da wannan yake nufi. A dokar Romawa bawa dukiya ce, kamar jaki ko gona. In ya gudu aka kama shi, ubangidansa yana da ikon yi masa bulala, ko ya sa masa sarƙa, ko ya yi masa tambari da wuta domin kowa ya san shi gujajje ne. Unisimas ya san wannan sarai. Duk da haka ya kama hanya tare da Tikikus, kamar yadda Kolosiyawa 4 ta nuna, makonni suna tafiya ta ruwa da ta tudu, ba shi da wani abin kāriya sai 'yar takarda. Miƙa wuya ke nan. Muna rera waƙoƙin miƙa kai ga Yesu, hannaye a sama, hawaye na zuba, wannan kuwa yana da kyau. Amma gwajinsa yakan zo ranar Litinin, sa'ad da Ruhu Mai Tsarki ya tuna maka da wata ƙofa da kake kauce wa tun bara.

Wani zai ce, ai Yesu ya gafarta mini duka, me ya kai ni tone-tone? Gaskiya ne ya gafarta. Ba da aikinka ka sami ceto ba, ba kuma komawar Unisimas ce ta cece shi ba, ya riga ya sami ceto kafin ya tashi. Sai dai alherin da ya shirya ka da Allah shi ne yake tura ka ka shirya da mutum. Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19, ba wanda ya ɗora masa doka. Yesu ya shiga gidansa kawai, sai ga shi da bakinsa yana alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Hausawa sun ce in maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Mutumin da ka cinye masa kuɗin adashi yana ganinka kana tafiya sujada da Littafi a hammata. Wace bishara kake tsammani yana ji?

Yanzu mu juya ga Bulus, domin a nan ne ni kaina na sha kunya.

Ka lura da aya 13 da 14. Bulus tsoho ne, ɗaurarre, yana bukatar mai yi masa hidima, ga shi ya samu. Ya faɗa a fili cewa ya so ya riƙe Unisimas, amma ya ƙi yin haka ba da yardar Filimon ba, domin ba ya son alherin da aka yi a kan dole. A aya 8 da 9 kuma ya nuna yana da ikon ba da umarni a matsayin manzo, amma ya ajiye ikon, ya roƙa saboda ƙauna. Har 'yar ba'a ya yi: sunan Unisimas a Helenanci ma'anarsa mai amfani, sai Bulus ya ce dā ba shi da amfani, yanzu kuwa ya ci sunansa. Sa'an nan ya kai ga batun kuɗi. Bai ce a manta ba. Bai ce abin duniya ne, a bar wa Allah ba. Ya ce duk wata ɓarna ko bashi a rubuta a kansa, shi zai biya, ya kuma rubuta wannan da hannunsa, kamar yadda mai cin bashi yake sa hannu a takarda.

Shekarun baya mun yi taron wa'azi na kwana uku a wani gari. A dare na biyu wani saurayi ya fito gaba, bayan an tashi ya tsaya yana jirana. Ya ce shi yaron shago ne a wani gari dabam, maigidansa dattijon ikilisiya ne mai sayar da taki da maganin feshi, ya riƙe shi kamar ɗa, shi kuwa ya kwashe cinikin damina ya gudu, kuɗin sun riga sun narke. Na yi masa addu'a, na karanta masa wannan wasiƙa, bayan mako biyu na raka shi da kaina. Muka sami dattijon a zaure. Yaron ya durƙusa yana kuka, yana cewa, “Baba, na yi maka laifi, ka yafe mini.” Ni kuma na shiga zuba ayoyi a kan gafara, ina jin daɗin kaina. Dattijon ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce a hankali, “Malam, na ji. Amma kayan nan bashi na karɓo su, har yau ina biya. 'Yata ta zauna a gida zango biyu saboda kuɗin makaranta. Wa zai biya?”

Bakina ya mutu. Na zo da aya 17, wadda ta ce a karɓi mai laifi, na bar aya 18 a gida. Na so in yi sulhu da aljihun wani.

Ka ga, gafara ba ta sa bashi ya ɓace a iska. Kullum akwai wanda yake ɗaukar asarar. Ko wanda ya yi ɓarnar ya biya, ko wanda aka cuta ya haɗiye, ko wani na uku ya shiga tsakani ya ce a ɗora masa. Abin da Ubangijinmu Yesu ya yi a kan gicciye ke nan. Allah bai kawar da ido daga zunubinmu kamar ba a yi ba. Ɗansa ne ya ɗauki lissafin. Kolosiyawa 2:14, wasiƙar da ta tafi gari ɗaya da ta Filimon, ta kwatanta zunubinmu da takardar bashi da aka kafa a jikin gicciye da ƙusa. Bulus ya ga abin da aka yi masa, ya yi irinsa ga bawa gujajje. Kyauta muka karɓi alheri, amma ya ci wa Mai bayarwa jininsa.

A ranar na ɗauki alkawarin biyan wani kashi daga ɗan abin da ikilisiya take ba ni, wata-wata. Ba zan ɓoye maka ba, ya yi mini nauyi, matata ma sai da muka yi doguwar magana kafin ta yarda. Yaron ya ɗauki kashi mafi girma, ya kama aikin lebura yana kawowa. Ragowar dattijon ya ce ya yafe.

Shi ya kawo mu ga Filimon, kuma ina ganin nasa nauyin ya fi na kowa. Shi aka cuta. Doka tana gefensa, maƙwabta suna gefensa, sauran masu bayi a Kolosi sun zuba ido su ga abin da zai yi, domin in ya sassauta, su ma bayinsu za su ji labari. Wasiƙar ma ba a ɓoye ta zo ba: an ambaci Afiya da Arkibus da dukan ikilisiyar da ke taruwa a gidansa. Abin da Bulus ya roƙa kuwa ya wuce a ɗage hukunci. Ya roƙa a karɓi Unisimas a matsayin ɗan'uwa ƙaunatacce, irin karɓar da za a yi wa Bulus kansa. Wato wanda dā yake tsaye da butar wanke hannu, yanzu zai zauna a sha Jibin Ubangiji tare da shi, ƙoƙo ɗaya.

(Kada wani ya ɗauka Bulus yana sa wa bauta albarka. A 1 Timoti 1:10 ya jera masu fataucin mutane cikin marasa tsoron Allah. A nan kuwa ya sa gatari a gindin abin: ba za ka iya kiran mutum ɗan'uwa da zuciya ɗaya, kana kuma lissafa shi cikin dukiyarka ba.)

Da me Bulus ya jawo zuciyar Filimon? A aya 19 ya tuna masa a hankali cewa shi ma ana binsa bashi, bashin ransa ma kuwa, domin ta wurin Bulus ya san Almasihu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mu masu bi da muka daɗe a cikin bangaskiya, wannan ne ciwonmu. Shekara ashirin kana ba da zakar kashi ɗaya cikin goma, ba ka fashin addu'ar dare, ana kiranka dattijo ko uwar zumunta, sai a hankali ka manta cewa kai ma gujajje ne aka karɓa. Daga nan sai ka fara auna wa mutane gafara da ƙaramin mudu. Za ka ce ka yafe, amma in ya zauna a benci na dama kai sai na hagu. Za ka ce ba komai, amma duk wanda ya ambaci sunansa sai ka ba shi tarihin abin da ya yi. Kana magana da harsuna, amma akwai mutum ɗaya a cikin majami'a da harshenka ya kasa gaishe shi. Bulus ya riga ya faɗa wa Korantiyawa abin da harsuna suke zama in babu ƙauna: ƙarar ƙarfe kawai.

Ina so ka fahimce ni da kyau a nan. Karɓar mutum a matsayin ɗan'uwa ba ya nufin ka rufe idonka. Dattijon nan bai mayar wa yaron mabuɗin shago ba, ban kuwa ga laifinsa ba. Gafara kyauta ce, amma amana sai an sake gina ta da lokaci. Abin da ya yi shi ne, ya sa aka kawo abinci, ya ci kwano ɗaya da shi, ranar Lahadi kuma ya zaunar da shi kusa da shi. Uwargidan ta ɗauki watanni kafin ta iya amsa gaisuwar yaron da sakin fuska, ba wanda ya matsa mata. Haka kuma wannan darasi ba umarni ba ne ga macen da ta tsere wa duka ta koma inda ranta yake cikin haɗari. Unisimas bai koma shi kaɗai ba, ya tafi da Tikikus, da wasiƙa, ikilisiya kuma tana kallo. In al'amarinka mai nauyi ne, ko ya shafi hukuma, ka fara zama da fastonka kafin ka ɗaga ƙafa.

Akwai wata 'yar magana a aya 22 da nake so ƙwarai. Bayan duk roƙon, Bulus ya ce Filimon ya shirya masa masauki, domin yana sa zuciya za a sake shi ta wurin addu'arsu. Wato zai zo ya gani da idonsa. Ka yi tunanin Filimon yana share ɗakin baƙi, yana sane cewa mai zuwa zai tambaye shi ina ɗansa Unisimas.

A wannan mako, cikin addu'arka ta safe, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya nuna maka inda kake tsaye cikin mutanen nan uku. In akwai abin wani a hannunka, ka rubuta sunansa da adadin abin a takarda, ko da ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, ka je ka faɗa masa abin da za ka iya kawowa kowane wata. In kai aka cuta, kuma mai laifin ya riga ya zo, ka gaishe shi da sunansa ranar Lahadi kafin shi ya gaishe ka. In kuwa kana ƙoƙarin shirya wasu biyu ne, ka zauna ka lissafa abin da kai za ka sa a ciki tukuna, sa'an nan ka kira su.